Tukwici da kuɗin caca a idon mai karɓar haraji: jagora ga 'ya'yanmu da ke Amurka da iyayensu a nan

Bayan sallar isha'i, a wani shagon shayi da ke Sharar Mansur a Makka, wani dattijo da muka daɗe da sanin juna ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, kai ne ka san lissafi, duba mini takardar nan da yaron nan ya turo, tun jiya mahaifiyarsa ba ta runtsa ba." Hoton wasiƙa ce daga hukumar harajin Amurka, wato IRS, tana bin ɗansa kuɗi a kan tukwicin da ya samu shekara biyu baya, lokacin da yake ɗaukar jakunkunan baƙi a wani babban otal na Las Vegas mai gidan caca a ƙasansa. Da na yi masa bayani sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Kyauta fa aka ba shi. Tun yaushe hukuma ta fara shiga tsakanin mai kyauta da wanda aka ba?"

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan dole ya yi irin wannan tambaya, domin a Saudiyya ba a karɓar haraji a kan albashin mutum. Mai tura keken tsofaffi a Harami, da mai ɗaukar kayan alhazai a otal-otal na Misfala da Aziziyya, da direban da ke kai baƙi Madina, duk abin da aka danƙa musu bayan ladan aikinsu, wanda Larabawa ke kira ikramiyya, nasu ne, babu takardar da za su cike. Harajin da muka saba da shi shi ne na saye da sayarwa, wanda ya fara da kashi 5 cikin 100 a watan Janairun 2018, aka ɗaga shi zuwa kashi 15 a watan Yulin 2020, kuma hukumar zakka da haraji da kwastan ta ƙasar, wato ZATCA, da 'yan kasuwa da kamfanoni take hulɗa. Caca kuwa haramun ce a shari'a da dokar ƙasa, saboda haka ba ta ma da babi a littafin haraji. Yaro sai ya girma a Jarwal ko Karantina bai taɓa riƙe takardar haraji ba, ya sauka a ƙasar da kowace dala da ta shiga hannun mutum sai an tambaye shi inda ta fito. Ni akawu ne a Jidda, kuma yawan irin waɗannan wasiƙu da iyaye ke kawo mini shi ya sa na rubuta wannan bayani.

Fara sanin matsayinka

Kafin komai, mutum ya san ko dokar harajin Amurka ta ɗauke shi mazauni ne ko baƙo, don hukuncin biyun ya bambanta ƙwarai. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin, wato girin kad, mazauna ne. Haka kuma wanda ya kwana 31 ko fiye a cikin shekarar, kuma kwanakinsa suka kai 183 idan aka haɗa dukkan na bana da sulusin na bara da sudusin na shekarar da ta gabace ta. Ɗalibi mai bizar F ko J ba a ƙirga masa waɗannan kwanaki a shekarunsa biyar na farko, don haka baƙo ne, takardar harajin ƙarshen shekara mai lamba 1040-NR yake cikewa, shi kuwa mazauni 1040. Ranar 15 ga Afrilu ce wa'adin miƙa takardar ga mai albashi. Akwai kuma 'ya'yanmu da aka haifa a Amurka lokacin da iyayensu ke karatu, aka dawo da su nan suna jarirai. Su sani cewa Amurka tana bin ɗan ƙasarta da takardar haraji ko a ina yake zaune, ko da a Ɗa'ifa yake aiki.

Littafin tukwici

A dokar Amurka tukwici kuɗin shiga ne kamar albashi, kuma hujjar da dattijon nan ya kawo an riga an kai ta kotu an sha kaye. Wani ma'aikacin teburin caca a Las Vegas mai suna Olk ya yi ƙara cewa abin da 'yan wasa ke jefa masa kyauta ce ta son rai, amma a 1976 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa kuɗin da ma'aikaci ke samu a kai a kai saboda aikin da yake yi, har yana sa ran zuwansu, sakamakon aiki ne, haraji ya hau kansu. Hukuncin ya shafi ma'aikacin teburin caca, kuma ƙa'idar ɗaya ce ga mai kai abinci, da mai gyaran ɗaki, da mai ajiye motoci, da direban tasi.

Abu na farko da ma'aikaci zai yi, tun ranar da ya kama aiki, shi ne ya sayi ƙaramin littafi wanda zai shiga aljihun riga, ko ya buɗe shafi a wayarsa, ya riƙa rubuta abin da ya samu kowane dare kafin ya kwanta. Ya sa kwanan wata, da abin da aka ba shi hannu da hannu, da abin da aka ƙara masa ta katin banki, da kasonsa idan a wurin aikinsu tarawa ake yi a raba, da abin da shi ya cire ya ba abokan aiki kamar mai share tebur, tare da sunayensu. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin abin da mutum ya miƙa wa wani ba a lissafa shi a kansa, amma sai da shaida. Idan baƙo ya ba shi kwabban roban nan na gidan caca, kuɗi ne tsaba a idon doka, ya rubuta darajarsu. Idan kuwa tikitin kallon wasa ne ko wani kaya, ya rubuta ƙimarsa a gefe guda, don wannan ba a kai rahotonsa ga mai aiki, sai dai a sa shi a takardar ƙarshen shekara. Na fi nanata littafin nan a kan komai, saboda ranar da aka yi saɓani da hukuma, wanda ke da rubutun kullum maganarsa tana da nauyi, wanda ba shi da shi kuwa ƙiyasin hukuma za a ɗora masa, ko ya yi yawa.

Na biyu, duk watan da tukwicin mutum ya kai dala 20 a wurin aiki guda, wajibi ne ya rubuta wa mai aikinsa jimillar, ya sa hannu, ya miƙa kafin ƙarshen ranar 10 ga wata mai bi masa. Na watan Maris ana miƙa shi zuwa 10 ga Afrilu. Yawancin manyan otal-otal suna da na'urar da ake shigar da adadin lokacin tashi daga aiki, wanda ya samu haka ya huta, sai dai kada ya jefar da littafinsa. Da wannan rahoto ne mai aiki zai cire harajin kuɗin shiga daga albashi, da kuma harajin fansho da lafiyar tsofaffi da suke kira FICA, wanda kason ma'aikaci a cikinsa kashi 7.65 ne cikin 100, wato 6.2 na fansho da 1.45 na lafiya. Wanda ya samu tukwicin dala 1,800 a wata, za a cire masa dala 137.70 na FICA a kansu. Shi ya sa wani lokaci takardar albashin mai kai abinci ke fitowa kusan wayam, har yaro ya ɗauka cutarsa aka yi, alhali harajin kuɗin da ya riga ya sa a aljihu ne aka zare daga ɗan albashin. A jihohi da dama doka ta yarda a biya mai karɓar tukwici dala 2.13 kacal a awa, muddin tukwicin ya cike masa mafi ƙarancin lada na tarayya, dala 7.25. Jihar Nevada ba ta yarda da wannan ragi ba, kuma ba ta karɓar harajin kuɗin shiga na jiha, amma na tarayya yana nan daram. Ɗalibin da yake baƙo a lissafin haraji, kuma yana aiki da izini, ba a cire masa FICA. Aiki ba da izini ba kuwa wata masifa ce daban wadda ke iya cinye bizar gaba ɗaya.

Wanda ya ɓoye tukwici bai faɗa wa mai aiki ba, ƙofa ba ta rufe masa ba: akwai takarda mai lamba 4137 da zai haɗa da ta ƙarshen shekara, ya bayyana kuɗin, ya biya FICA ɗin da ya tsallake. Sai dai doka ta ba hukuma ikon ƙara masa tarar rabin wannan haraji idan ba shi da uzuri karɓaɓɓe. A kan dala 20,000 da aka ɓoye, FICA dala 1,530 ne, tara 765, ban da harajin kuɗin shiga da kuɗin jinkiri da ke hauhawa wata bayan wata. Wannan shi ne ainihin abin da ya sami ɗan dattijon.

A ƙarshen watan Janairu mai aiki zai ba ma'aikaci takardar W-2, wadda ke nuna abin da ya samu a shekarar da harajin da aka cire masa, kuma ya kamata a zauna a karanta ta da natsuwa. Gida na 1 jimillar albashi ne da tukwicin da aka bayyana, gida na 7 tukwicin da aka cire wa harajin fansho. Gida na 8 shi ne mai ruɗa mutane. Babban gidan abinci mai ma'aikata fiye da 10, idan tukwicin da dukkan ma'aikatansa suka bayyana bai kai kashi 8 cikin 100 na cinikinsa ba, doka ta ce ya raba giɓin a kan ma'aikatan ya rubuta a wannan gida. Adadin da ke nan ba a cire masa haraji ba tukuna, kuma mutum zai sa shi cikin kuɗin shigarsa, sai fa idan littafinsa ya nuna bai samu haka ba. Gidajen caca da yawa kuma suna da yarjejeniya da IRS mai suna GITCA, inda ake tsayar da wani adadi na tukwici a kowace awa ga kowane irin aiki. Ma'aikacin da ya shiga, ya riƙa bayyana aƙalla wannan adadi, ba a bincikar tukwicinsa na shekarun da yake ciki. Kafin ya sa hannu ya gwada adadin da abin da yake samu a zahiri, musamman idan aikin safiya yake yi, lokacin da baƙi ba su da yawa.

Kuɗin hidimar da gidan abinci ke ɗorawa da kansa a kan rasit, kamar kashi 18 da ake sa wa babban ayari, ba tukwici ba ne a doka, albashi ne, mai aiki ne ke lissafa shi. Kada a haɗa shi cikin rahoton wata, a biya haraji sau biyu.

Sai maganar da ta yaɗu a wayoyinmu cewa an soke harajin tukwici a Amurka. Abin da ya faru shi ne, ranar 4 ga Yulin 2025 shugaba Donald Trump ya sa hannu a dokar da ta ba ma'aikaci damar cire tukwici har dala 25,000 a shekara daga kuɗin da za a lissafa wa harajin kuɗin shiga na tarayya, daga 2025 zuwa 2028. Ragin yana fara raguwa idan kuɗin shigar mutum ya haura dala 150,000, ko 300,000 ga ma'aurata, kuma sai mai lambar SSN, wato lambar da hukumar fansho ta Amurka ke ba mai izinin aiki, sai kuma ma'aurata sun cike takarda ɗaya tare. Tukwicin son rai kawai ya shafa, a sana'o'in da aka san su da karɓarsa. FICA yana nan ba a taɓa shi ba, rahoton ranar 10 ga wata ma yana nan, kuma tukwicin da aka bayyana ne kaɗai ke samun ragin. Ke nan dokar ta ƙara wa mai gaskiya riba, ta rage wa mai ɓoyo dalili.

Kuɗin caca

A nan sai na faɗi matsayina fili. Allah ya haɗa caca da giya a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ya ce a nisance su, kuma ban rubuta layi ɗaya a nan don in koya wa kowa yadda zai ci riba a teburin caca ba. Shi kansa aiki a irin waɗannan gidaje, ina roƙon duk ɗanmu da ke ciki ya zauna da malamin da ya amince da shi, domin mai raba kati hannunsa dumu-dumu yake cikin abin da aka hana, kuma ko mai gyaran ɗaki a saman bene ya kyautu ya riƙa neman wata ƙofa. Amma na ga gidajen da yaro ya zame sau ɗaya, ya tuba, sannan kunya ta hana shi buɗe wasiƙun hukuma har bashin ya ninka. Irin wannan yaro yana buƙatar ya san doka.

Ga mazauni, duk abin da ya ci a caca, ko a tikitin sa'a, ko a fare kan wasanni ta waya, kuɗin shiga ne da za a bayyana, ko an ba shi takarda ko ba a ba shi ba. Idan mota ya ci, ƙimarta a kasuwa za a lissafa. Gidan caca yana ba da takardar W-2G idan cin ya kai wani haddi, ya kuma aika wa IRS kwafi, saboda haka hukuma ta riga mutum sani. Tun 1977 haddin injin caca dala 1,200 ne, sai daga 2026 aka ɗaga shi zuwa 2,000. A wasu nau'o'i, kamar tikitin sa'a, idan cin ya wuce dala 5,000 ana zare kashi 24 cikin 100 nan take, kuma wannan kafin alƙalami ne kawai, cikakken lissafi sai ƙarshen shekara, inda za a iya bin mutum ciko.

Hasara kuwa ba a cire ta haka kawai daga riba. Sai mutum ya zaɓi jera kashe-kashensa ɗaya bayan ɗaya, ya bar ragin bai-ɗaya da doka ke ba kowa, kuma ragin hasarar ba zai wuce abin da ya ci ba, kuma sai da rasit da rubutun kwanan wata da wuri. Daga 2026, dokar nan ta watan Yulin 2025 ta rage abin zuwa kashi 90 cikin 100 na hasarar. Wanda ya ci dala 10,000 a shekara, ya yi hasarar 10,000, aljihunsa wayam, amma 9,000 kawai zai cire, ya biya haraji a kan dala 1,000 da ba su taɓa zama a hannunsa ba.

Baƙo, irin wanda ya tashi daga Jidda da bizar yawon buɗe ido ko ta kasuwanci, nasa ya fi tsanani. In ban da wasu wasannin tebur 'yan kaɗan da doka ta keɓe, ana zare kashi 30 cikin 100 tun a wurin biya, a ba shi takardar 1042-S. Akwai ƙasashen da ke da yarjejeniyar haraji da Amurka wadda ke ɗauke wa mutanensu wannan, amma Saudiyya da Najeriya da Nijar da Sudan ba sa cikinsu. Baƙo kuma a ƙa'ida ba ya cire hasarar wata rana daga cin wata rana. Idan ya ci dala 5,000 a inji ranar Litinin, za a riƙe 1,500, wato riyal 5,625 a canjin riyal 3.75 kowace dala, ko da ya zubar da 6,000 ranar Talata.

Masu 'ya'ya a Ingila su lura cewa can tsarin daban ne: ba a karɓar haraji daga wanda ya ci caca, kamfanonin ake caja, amma tukwici ana biya masa haraji, kuma tun 1 ga Oktoban 2024 doka ta tilasta wa mai aiki ya miƙa wa ma'aikata tukwicinsu cif, ba ragi.

Idan wasiƙa ta riga ta zo

A buɗe ta ranar da ta zo, a duba lambar da ke samanta da ranar da aka ba da wa'adin amsa. IRS ta gidan waya take fara tuntuɓar mutum, don haka wanda ya kira ta WhatsApp yana barazanar kamu idan ba a tura kuɗi yau ba, ɗan damfara ne. A gwada adadin da ke wasiƙar da W-2 da littafin tukwici, idan daidai ne a biya, idan hali bai kai ba a nemi a raba biyan wata-wata, hukumar tana da tsarin hakan, idan kuma akwai kuskure a rubuta amsa da kwafin shaida kafin wa'adi ya cika. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi cibiyoyin VITA, inda ake cike wa mutane takardun haraji kyauta, ɗalibi kuma ya fara da ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa. A adana takardu aƙalla shekara 3, domin tsawon lokacin da hukuma ke da ikon waiwayar lissafi ke nan, yana zama shekara 6 idan abin da aka ɓoye ya wuce rubu'in abin da aka bayyana, shekarar da ba a cike takarda ba sam kuwa ba ta da iyaka. Kuma wanda ke fatan zama ɗan ƙasa wata rana ya sani cewa takardar neman tana tambayar ko akwai harajin da ake binsa.

Na ce wa dattijon, "Baba, ku kwantar da hankalin Hajiya, wannan bashi ne ba ɗauri ba, ya amsa musu a cikin makon nan." Sai ya tambaye ni zakka, kuma tambayar a kan hanya take, domin biyan haraji ba ya sauke ta. Tukwicin aikin halal da mutum ya tara, idan ya haɗu da sauran ajiyarsa ya kai nisabi, wato ƙimar giram 85 na zinariya, shekara ta hijira ta zagayo a kansa, za a fitar da kashi 2.5 cikin 100. Kuɗin caca kuwa malamai sun ce ba a yi musu zakka, kuma kason da hukuma ta zare bai tsarkake ragowar ba. Hanyar tuba ita ce a rabu da su gaba ɗaya, a ba mabuƙata ko a sa su a aikin amfanin jama'a, ba da niyyar ladan sadaka ba. Shawarata a nan ita ce mutum ya fara lissafa harajin da zai hau kansu ya ware shi, sannan ya fitar da sauran, kada ya rabar da komai a watan Nuwamba ya wayi gari a Afrilu yana biyan harajin caca da guminsa na halal. Idan daga baya hukuma ta mayar masa da wani abu daga cikin abin da ta riƙe na cacar, shi ma ya bi sahun 'yan'uwansa.

Wanda zai taho gida da ajiyarsa a hannu, idan ta wuce dala 10,000 sai ya bayyana wa kwastan na Amurka kafin ya fita, kuma idan ta kai haddin da kwastan na Saudiyya suka tsayar, ko kuɗi ne ko zinariya, sai ya sake bayyanawa a filin jirgin Jidda ko Madina. Bayyanawar ba ta jawo haraji a kan kuɗin, rashin yin ta ne ke jawo tara ko ƙwacewa. Ya sa kwafin W-2 da takardar harajinsa ta shekarar a jakar hannu, tare da fasfo, saboda idan jami'i ya tambayi asalin kuɗin, su zai nuna.